Yadda ake auna iskar da yis ke fitarwa, da dalilin da ya sa balan-balan ke yaudarar ɗalibai

Wata malamar kimiyya a makarantar sakandare ta aiko da tambaya. Ta ce ta raba ɗalibanta rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zuba ruwa da sukari da busasshen yis a kwalba, ya ɗaura balan-balan a bakinta, aka ajiye wasu kwalaben a ruwan sanyi wasu a ruwan ɗumi, don a ga tasirin zafi a kan aikin yis. Bayan minti ashirin, balan-balan ɗin kwalaben ɗumi sun kumbura, na sanyi kuwa ko motsi ba su yi ba, sannan rukuni biyu da suka yi aiki da zafi iri ɗaya sun sami sakamakon da ya yi hannun riga da juna. Tana son sanin hanyar da ta fi dacewa a auna iskar, da kuma ko sakamakon da suka samu abin dogaro ne.

Malama, amsar a taƙaice ita ce sirinjin iska, wato bututu mai awo da sanda a cikinsa wadda iska ke turawa, ya fi komai dacewa da aikin aji, silinda mai awo da aka kifa a cikin ruwa tana bi masa, balan-balan kuma ya dace da nuna wa yara cewa iska na fita amma bai dace da awo ba. Sai dai sauya kayan aiki kaɗai ba zai gyara miki sakamakon ba, domin babbar matsalar tana cikin kwalbar ne tun kafin iskar ta isa ga abin awo. Adadin da ɗalibi yake karantawa ba shi ne adadin da yis ya samar ba. Abin da yake karantawa shi ne ragowar da ta tsira bayan ruwa ya sha rabonsa, aka kuma ƙara mata wata iska da ba ta yis ba ce. Idan kika gane waɗannan biyun, sauran duk gyaran hannu ne.

Bari mu fara da abin da ya kamata a samu a lissafi, domin wanda bai san yawan abin da yake jira ba ba zai gane an yi masa ƙwange ba. Yis ɗin da ake sayarwa busasshe halitta ce mai rai mai ƙwaya ɗaya, sunanta a kimiyyance Saccharomyces cerevisiae. Idan ta sami sukarin gulukos, takan farfasa kowace ƙwayar sinadarinsa ɗaya zuwa ƙwayoyin etanol, wato sinadarin barasa, guda biyu da na iskar kabon dayoksaid biyu. Mol ma'auni ne da masana kimiyya ke ƙirga ƙwayoyin sinadari da shi. Mol ɗaya na gulukos yana da nauyin giram 180, mol ɗaya na kabon dayoksaid kuma giram 44, saboda haka giram 180 na gulukos yana ba da giram 88 na iska, wato giram ɗaya yana ba da kusan giram 0.49. A zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas da matsin iska na yau da kullum, mol ɗaya na kowace iska yana cika kusan lita 24.5, don haka giram ɗaya na gulukos yana iya ba da mililita 272. Farin sukarin da aka saba amfani da shi, wato sukuros, yis yakan fara raba shi gida biyu da wani enzayim (sinadarin da ke hanzarta irin wannan aiki a jikin mai rai) mai suna inbatas, ya zama gulukos da furuktos, sannan ya ci duka biyun, kuma giram ɗaya nasa yana iya ba da kusan mililita 286. Wannan shi ne iyakar abin da zai yiwu, kuma ba a cika kai wa gare shi ba, domin yis yakan karkatar da wani ɗan kaso na sukarin wajen gina jikinsa da samar da gilisarol, abin da Louis Pasteur ya lura da shi tun a binciken da ya yi kan tsimuwa, wato wannan farfasa sukari da yis ke yi, a ƙarshen shekarun 1850.

Ki duba abin da wannan lissafi yake nufi ga kwalbar ɗalibanki. Idan sun zuba giram 5 na sukari a ruwa mililita 100, akwai iskar da ta haura lita 1.4 a ɓoye cikin wannan sukari, kuma ba za su ga ƙarshenta a darasi ɗaya ba. Ke nan abin da suke aunawa a minti ashirin ba yawan iskar da sukarin zai bayar ba ne, saurin fitarta ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, kuma zan dawo kansa.

Yanzu ga ɓarawo na farko. Kabon dayoksaid iska ce mai narkewa a ruwa fiye da yadda yawancin mutane suke zato. A digiri 20, lita ɗaya ta ruwa tana iya riƙe kusan giram 1.7 na wannan iska, a digiri 25 kusan giram 1.45, a digiri 40 kuma ƙasa da giram ɗaya kaɗan. Idan aka mayar da shi mililita, ruwa mililita 100 a digiri 20 yana iya shanye kusan mililita 90 na iskar kafin ya ƙoshi, a digiri 40 kuwa kusan mililita 55 kawai yake iya riƙewa. Yis yana cikin ruwan ne, iskar da yake samarwa tana fara narkewa a inda aka haife ta, kuma kumfa ba ya tashi da gaske sai ruwan ya kusa ƙoshi. Saboda haka kwalbar sanyi da ɗalibanki suka rubuta mata sifili ba zaune take ba. Tana aiki a hankali, kuma duk abin da take samarwa yana tafiya ne wajen cika cikin ruwan, wanda a sanyi ya fi faɗi. Kwalbar ɗumi kuma ta sami sauƙi biyu a lokaci guda: yis ɗinta ya fi sauri, bashin da za ta biya wa ruwa kafin a ga iskarta ya fi ƙanƙanta. Gaskiya ne yis ya fi kuzari a digiri 35 fiye da digiri 20, amma ratar da ɗaliban suka gani ta fi ratar gaskiya girma.

Akwai wani abu da ke tafiya tare da wannan, kuma ina kyautata zaton shi ne ya raba rukunin nan biyu masu zafi iri ɗaya. Ruwan da ba a motsa shi ba yana iya riƙe iska fiye da ƙoshinsa na ɗan lokaci, sai an girgiza shi ya sake ta gaba ɗaya. Ɗalibin da yake ɗaukar kwalba yana jujjuya ta don ya leƙa ciki zai ga balan-balan ɗinsa ya yi tsalle, maƙwabcinsa da ya bar tasa a ajiye zai ga kamar tasa ta yi barci, alhali yis ɗinsu aiki ɗaya yake yi. Dole a yanke hukunci ɗaya ga kowa: ko dai kowane rukuni ya juya kwalbarsa sau biyar daƙiƙa goma kafin kowane karatu, ko kuma kada kowa ya taɓa. Ni na fi son a riƙa juyawa, domin yana kuma hana yis kwanciya a gindin kwalba.

Abu na biyu shi ne baƙuwar iska. A saman ruwan da ke cikin kwalba akwai iskar ɗaki da aka rufe tare da shi. A kwalba mai cin mililita 250 da aka zuba mata ruwa mililita 100, wannan fili ya kai mililita 150. Idan aka toshe kwalbar a zafin ɗaki na digiri 25 sannan aka tsoma ta a ruwan digiri 40, iskar nan za ta buɗe gwargwadon 313 bisa 298, wato kashi 5 cikin ɗari, kusan mililita 7 ko 8. Bayan haka ruwan ɗumi ya fi fitar da tururi: matsin tururin ruwa yana tashi daga kusan kilofaskal 3.2 a digiri 25 zuwa 7.4 a digiri 40, cikin jimillar matsin iska na kusan 101, abin da ke ƙara wani kashi 4 cikin ɗari. Idan aka haɗa, kwalbar da babu ko ƙwayar yis a cikinta za ta iya tura kusan mililita 15 zuwa abin awo. Na taɓa ganin rukunin ɗalibai suna murna sun gano cewa yis ya fi aiki a digiri 70, domin sirinjinsu ya zabura a minti biyun farko, alhali yis ɗin ya riga ya mutu kuma iskar ɗaki ce kawai take buɗewa. Laifina ne, ni na ce su toshe kwalaben kafin su tsoma su. Maganin ba shi da wuya: a bar kwalbar a buɗe cikin ruwan ɗumin na minti biyar zuwa goma har zafin cikinta ya daidaita, a tabbatar da hakan da ma'aunin zafi da aka tsoma a cikin ruwan sukarin ba a cikin bahon ba, sannan a toshe a fara ƙirga lokaci.

To, idan ruwa yana shan iska ta farko, zafi kuma yana ƙara ta ƙarya, me za a auna? A auna sauri, kuma a auna shi bayan komai ya lafa. Maimakon karatu ɗaya a minti na ashirin, kowane rukuni ya rubuta adadin da sirinji ya nuna kowane minti ɗaya, ya zana shi a giraf, lokaci a kwance, yawan iska a tsaye. Layin zai fara ne a kwance ko yana ɗan rarrafe, lokacin da yis ke farfaɗowa ruwa kuma yana cika cikinsa, sannan ya miƙe ya riƙa hawa ba lanƙwasa. Wannan miƙaƙƙen sashe shi ne amsar. A ɗauki wurare biyu masu nisa da juna a kansa, a raba bambancin mililita da bambancin mintuna, a sami mililita nawa ke fita a minti ɗaya. Alal misali, idan sirinji ya nuna 22 a minti na 8, ya nuna 62 a minti na 18, saurin shi ne mililita 4 a minti. Kyawun wannan hanya shi ne a wannan sashe ruwa ya riga ya ƙoshi, iskar ɗaki ta gama buɗewa, duk mililita ɗaya da yis ya samar yana tura mililita ɗaya waje. Kurakuran farko suna ɗaga layin ko su sauke shi, ko su jinkirta shi, amma ba sa canja yadda yake hawa. Kwalbar sanyi za ta ɗauki lokaci kafin ta kai wannan matsayi, don haka a haɗa ta tun kafin darasi, ko a rage ruwan zuwa mililita 20 ko 30 domin bashin ya ragu.

Game da kayan awo, zan fara da balan-balan tunda shi kuka yi amfani da shi. Yadda aka saba shi ne a zagaya zare a inda ya fi faɗi, a auna kewayen, a lissafa girman kamar ƙwallo ne: a ninka kewayen da kansa, a sake ninka abin da aka samu da kewayen, a raba da 59.2. Kewaye na santimita 30 yana ba da mililita 456, na santimita 31 yana ba da 503. Kuskuren santimita ɗaya, wanda yatsan ɗalibi zai iya haifarwa da ɗan jan zare, ya zama kuskuren kashi 10 cikin ɗari. Ga shi balan-balan ba ƙwallo ba ne, ya fi kama da ƙwai mai wuya. Kafin ya fara kumbura sai matsin ciki ya rinjayi taurin robar, kuma sabon balan-balan ya fi wanda aka taɓa hurawa tauri nesa ba kusa ba, har ma biyu daga leda ɗaya ba sa zama daidai. Yayin da yake wannan turjiya, ƙarin matsin yana ƙara tura iska cikin ruwa. Sannan kabon dayoksaid tana ratsa roba ta fice da sauri fiye da iskar da muke shaƙa sau da yawa, shi ya sa balan-balan da aka bari ya kwana a kan kwalba yakan wayi gari ya sace ko da ɗaurin bai kwance ba. Idan babu wani abu sai shi, a hura kowanne sau biyu ko uku a sace shi kafin amfani, a ƙarshe kuma a ɗaure shi a danna shi cikin bokitin da aka cika da ruwa fal, a auna ruwan da ya zuba. Wannan ya fi zare, amma karatu ɗaya kawai yake bayarwa, ba za a sami layin da na bayyana ba.

Sirinjin iska na gilashi mai cin mililita 100 shi ne zaɓina na farko, domin iskar ba ta haɗuwa da wani ruwa bayan ta bar kwalba, kuma ana karanta adadin kai tsaye. A kwantar da shi a kwance a maƙale shi ba tare da matse shi ba, domin idan aka tsayar da shi nauyin sandar zai danne iskar ko ya ja ta. Ya kasance a bushe sarai, saboda ɗigon ruwa ɗaya tsakanin sandar da bangon yana sa ta maƙale ta riƙa tafiya da tsalle-tsalle. Kafin kowane karatu a ɗan murza sandar a hankali don ta saki. A sa ido kada ta wuce ƙarshe ta faɗo ta fashe. Wasu sukan ɗaura mata zare saboda haka. Idan ta kusa cika ana iya cire bututun a mayar da ita sifili a ci gaba, a riƙa tarawa a lissafi. Babban sirinjin roba irin na asibiti yana iya aiki, sai dai bakin robar da ke kan sandarsa yana da tauri, ba ya motsi sai matsi ya taru, don haka karatunsa yakan zo a guntule.

Silinda da aka cika da ruwa aka kifa a baho, bututu ya shiga ƙarƙashinta, tsohuwar dabara ce da ta samo asali daga aikin Stephen Hales na Ingila a 1727, kuma har yau tana da amfani domin kusan kowane ɗakin gwaje-gwaje yana da kayanta. Ana yawan sukarta da cewa iskar tana narkewa a ruwan bahon, kuma sukar tana da tushe, shi ya sa masana irin su Joseph Priestley suka koma tara iskoki masu narkewa a kan ruwan zaiba. Amma a aikin aji asarar ba ta kai yadda ake tsoro ba, saboda dalili biyu. Kumfan yana ratsa ruwan cikin ƙiftawar ido, kuma iskar da take fara fitowa daga bututun yawancinta iskar ɗaki ce da kabon dayoksaid ta turo daga saman kwalbar, ita kuwa da ƙyar take narkewa. Asarar tana ƙaruwa ne idan aka bar iskar ta daɗe zaune a kan ruwan, har za a ga ruwan yana sake hawa cikin silindar a hankali. Ana rage wannan da amfani da ruwan da aka narkar da gishiri a ciki har ya ƙi narkewa, ko a tura bakin bututun can sama cikin silindar yadda kumfan ba zai yi doguwar tafiya ba. Tsayin ruwan da ya rage a silindar yana ɗan jan iskar ta buɗe, amma santimita 10 na ruwa kusan kashi 1 cikin ɗari ne kawai na matsin iska, don haka ba abin damuwa ba ne a wannan mataki. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne idan kwalbar ta huce, za ta tsotso ruwan bahon ta bututu ya koma cikinta, don haka a cire bututun daga ruwa kafin a fitar da kwalbar daga ɗumi.

Ƙirga kumfa a minti hanya ce mai sauƙi kuma ba ta da laifi idan kwatance ake so, muddin bakin bututu ɗaya ne kuma zurfinsa a ruwa ɗaya ne, domin girman kumfa ya dogara da su. Ba za a kwatanta kumfan rukuni ɗaya da na wani ba sai an tara kumfa hamsin na kowanne a ƙaramar silinda an san girman ɗaya. Auna tsayin kumfar da ke taruwa a kan ruwan yis kuwa ban ba da shawararsa ba ko kaɗan, domin kumfar tana fashewa a sama yayin da take taruwa a ƙasa.

Akwai hanyar da ba a cika tunawa da ita ba, wato sikeli. A ɗora kwalbar a kan sikeli, a toshe bakinta da auduga sako-sako yadda iska za ta fita amma feshi ba zai fita ba, a riƙa rubuta raguwar nauyi. Giram 5 na sukuros zai iya rasa kusan giram 2.6 idan ya ƙare. Sai dai a lura da ƙarfin sikelin: giram 0.01 daidai yake da kusan mililita 5.6 na iska, don haka sikelin da ke karanta giram 0.1 kawai ba ya ganin komai sai an rasa fiye da mililita 50. Wannan hanya ta fi dacewa da gwajin da zai ɗauki kwana biyu ko uku ana aunawa safe da yamma, tare da kwalba ta biyu mai ruwan sukari ba yis, don a san nawa ne tururin ruwa ya tafi da shi a cire. Wani abin sha'awa a nan: idan aka ɗora kwalba mai balan-balan a kan sikeli don a nuna cewa nauyi ba ya ɓacewa a rufaffen wuri, za a ga nauyin ya ragu duk da haka, domin balan-balan mai mililita 500 yana ture iskar ɗaki mai nauyin kusan giram 0.6, iskar kuma tana ɗaga shi gwargwadon haka. Malamai da dama sun sha jin kunya a gaban aji saboda wannan.

Idan kuma burinki shi ne ɗalibai su gwada abin da suka samu da lissafin da na kawo a farko, to sai a juya tsarin. A ɗauki sukari kaɗan da zai ƙare, kamar giram 0.3, wanda iyakarsa mililita 86 ne, ya shiga sirinji ɗaya. Amma kada a narkar da shi a ruwa mililita 100, domin ruwan zai shanye kusan duka a tashi da sifili. A narkar da shi a mililita 10, wanda a digiri 30 bai wuce mililita 7 zai riƙe ba, a sa yis da ɗan yawa, a jira har sandar ta daina motsi ko an girgiza.

Ko wace hanya aka bi, kwalaben shaida guda biyu wajibi ne. Ta farko ruwan sukari da yis ɗin da aka tafasa aka kashe, ita ce za ta nuna iskar ƙarya da zafi ke haifarwa. Ta biyu yis mai rai da ruwa zalla ba sukari. Ɗalibai sukan yi mamakin ganin wannan ta fitar da 'yar iska, amma haka ya kamata, domin yis yana ɗauke da guzurinsa a cikin jikinsa, wato gilaikojin da tirehalos, kuma yakan ci su idan ya farfaɗo. Abin da ta bayar shi za a cire daga sakamakon sauran, musamman idan ana kwatanta nau'o'in sukari. A irin wannan gwaji za a ga gulukos da furuktos da sukuros suna tafiya kusa da juna, maltos yakan yi jinkiri kafin ya kama, laktos kuwa, wato sukarin madara, wannan yis ba shi da enzayim ɗin farfasa shi, don haka bai kamata ya wuce kwalbar shaida ba.

Shi kansa yis ɗin a haɗa shi wuri ɗaya domin dukan aji: a jiƙa shi a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 40 na kimanin minti goma, a riƙa motsa shi kafin a ɗebi rabon kowane rukuni da sirinji, domin yana kwanciya da sauri, wanda ya ɗiba daga sama ba zai sami abin da na ƙasa ya samu ba. Auna rabin giram na busasshen yis sau takwas a sikelin aji yana kawo bambanci fiye da ɗiban mililita goma-goma daga kwano ɗaya. Yawan da ya dace ya danganta da ƙarfin yis ɗin da ke hannunki, wanda yake raguwa idan ledar ta daɗe a buɗe, don haka ki gwada da kanki kwana ɗaya kafin darasi, ki nemi adadin da zai cika sirinji cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin a digiri 35. Sukari kuma kashi 5 cikin ɗari ya isa. Idan ya yi yawa ƙwarai yakan janye ruwa daga jikin yis ya rage masa sauri, abin da kan rikita ɗalibin da ya ɗauka ƙarin abinci ƙarin aiki ne. Kowane zafi a maimaita shi sau uku aƙalla. Kafin a fara, a gwada yoyo: a haɗa komai da kwalba babu ruwa, a ja sandar sirinji zuwa 20 a saki, idan ta koma kusa da inda ta taso to haɗin ya kama, idan ta tsaya to iska na shiga ta wani wuri, galibi ta inda bututu ya ratsa murfi.

Littattafai da yawa suna cewa a zuba ɗan mai a saman ruwan don a hana oksijin shiga. Ba laifi, amma ba shi ne ke sa yis ya yi tsimi ba. Wannan nau'in yis, idan sukari ya wadata, yakan samar da etanol ko da akwai oksijin, halin da ake kira da sunan Herbert Crabtree. Ɗan abin da yake yi na numfashi da oksijin kuma ba ya bayyana a sirinji, domin a can ƙwayoyin oksijin shida yake ɗauka ya mayar da na kabon dayoksaid shida, girman iskar bai canja ba. Abin da sirinji ke gani tsimuwa ce kawai.

Game da tambayarki ta asali kan zafi, ki shirya wa abin da girafin zai nuna a sama da digiri 40. Layin digiri 45 ko 50 yana iya fara hawa da sauri fiye da na 35, sannan ya lanƙwashe tun sukari bai ƙare ba, domin zafin da ke hanzarta enzayim shi ne kuma yake lalata shi sannu a hankali, kuma wajen digiri 55 zuwa 60 yis yakan mutu cikin 'yan mintuna. Saboda haka wanda ya karanta a minti na biyar da wanda ya karanta a minti na talatin za su ba da amsa daban a kan zafin da ya fi kyau, kuma kowannensu ya faɗi abin da ya gani. Ɗalibi ya rubuta a rahotonsa tsakanin wane minti da wane minti ya ɗauki saurinsa.

Don tabbatar da cewa iskar kabon dayoksaid ce, a tura abin da ke cikin sirinji ta bututu zuwa cikin tataccen ruwan kalsiyam haidroksaid, zai yi fari kamar an ɗiga madara saboda kalsiyam kabonet da ke samuwa. A yi wannan da cikon sirinji na biyu ko na uku, tunda na farko yawancinsa iskar ɗaki ce kuma zai iya barin ruwan garau. Idan aka ci gaba da tura iskar bayan ya yi fari, zai sake washewa, domin farin yana narkewa idan iskar ta yi yawa, don haka a tsaya da zarar an ga canjin. Kuma kada a taɓa ɗaure murfin kwalbar gilashi gam a kan yis da sukari ba tare da mafitar iska ba, ko da na ɗan lokaci ne kafin a gyara bututu, domin lita 1.4 ɗin nan ba za ta zauna lafiya a filin mililita 150 ba.